Harbin Burmi a Bakin Zuriya

Gabatarwa

A gaɓar Shuɗin Nilu ta ƙasar Sudan, kogin da Larabawa ke kira Nilul Azraƙ, tun daga Rufa'a da Hasahisa, a bi ta Wad Madani har a wuce Sinnar, akwai garuruwa da ƙauyuka da unguwanni na Hausawa da Fulani waɗanda kakanninsu suka taso daga ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Mutanen Sudan suna kiransu Fallata ko Takarir. Mafi shahara a cikin garuruwan nan shi ne Mai Wurno, kudu da Sinnar kaɗan, wanda ya ci sunan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Tushen garin yana komawa ga harsashin da ya sami Attahiru a Burmi, cikin ƙasar Gombe, ranar 27 ga Yuli, 1903.

Labarin wannan harbi ya iso gare mu ta ƙofa biyu. Akwai rahoton hafsoshin Ingila da suka jagoranci yaƙin, wanda aka rubuta a kwanakin da abin ya faru, aka aika Zungeru, daga can aka aika Landan. Akwai kuma ruwayar mutanen da ke cikin ganuwa, wadda ta bi bakin waɗanda suka tsira, ta shiga gidajen 'ya'yansu da jikokinsu a Sakkwato da Gombe da Sudan. Masu karatun zamani sun saba karɓar takarda hannu bibbiyu, su taɓe baki idan aka ce "haka kakanmu ya faɗa". 'Yan gida kuwa sukan ɗauki duk wata tambaya a kan ruwayarsu a matsayin cin mutuncin mamaci. Wannan maƙala za ta bi ruwayar gida gaɓa-gaɓa, ta nuna inda shakka take da hurumi da inda ba ta da shi, sannan ta auna takardar soja da mudun da aka auna ruwayar.

Daga Giginya zuwa Burmi

Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu ɗan Atiku tattaɓa-kunnen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne. An yi masa mubaya'a a watan Oktoba na 1902, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abdurrahman, a lokacin da Turawa suka riga suka ci Bida da Kwantagora da Yola da Bauchi. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Ranar 15 ga Maris aka gwabza a Giginya, a wajen birnin Sakkwato, inda igwa da bindiga mai ruwa suka watsa dawakin Musulmi kafin hantsi ya dubi ludayi.

Daga nan manyan daula suka rabu gida biyu. Waziri Muhammadu Buhari ya koma birni tare da jama'a mai yawa, ya yi sulhu da Turawa, daga baya ya rubuta risala yana bayyana hujjarsa ta zama da su a zahiri domin kare addinin talakawan da ba su da halin tashi. Gwamna Lugga ya naɗa wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba, a matsayin Sarkin Musulmi. Attahiru na Ɗaya kuwa ya zaɓi hijira, ya fuskanci gabas.

Tunanin hijira zuwa gabas ya girmi zuwan Turawa. Tun zamanin Sarkin Musulmi Bello ake riƙe da maganar da aka jingina wa Shehu cewa jama'arsa za ta tashi a ƙarshen zamani ta nufi wajen Nilu, ta sadu da Mahadi. Maganar ta yi ƙarfin da a ƙarshen ƙarni na 19 sai da Maryamu 'yar Shehu ta rubuta wa Sarkin Kano cewa lokacin bai yi ba tukuna, saboda mutane sun fara kwashe kayansu. Da Sarkin Musulmi da kansa ya kama hanya, sai manoma da malamai da 'yan kasuwa suka bar gidajensu suka bi shi, har hafsoshin Ingila suka riƙa aika rahoton ƙauyukan da suka tarar ba kowa. A cikin manyan da suka haɗu da shi akwai Sarkin Misau Ahmadu, da Etsu Nupe Abubakar, da Magajin Keffi Ɗan Yamusa wanda Turawa ke nema saboda kisan Kyaftin Moloney a 1902, da Tijjanawan da Faransawa suka koro daga Segu, cikinsu har da Alfa Hashim.

Burmi gari ne mai ganuwa a kusa da kogin Gongola, cibiyar mabiya Malam Jibrilla Gaini, wanda Turawa suka kama a 1902. Ranar 13 ga Mayu, 1903, Kyaftin Sword ya kai wa garin hari, mutanen gari suka kora shi da raunuka masu yawa a cikin sojansa. Attahiru ya aika wa Turawa da takarda cewa shi matafiyi ne, abin da yake nema a bar masa hanya. Amsar da ya samu ita ce ya miƙa wuya ba da wani sharaɗi ba. Ranar 27 ga Yuli Manjo Marsh ya iso da runduna mafi girma. Aka yini ana faɗa, Marsh ya mutu da kibiya mai dafi, sojansa suka shiga gari da yamma. Rahoton Turawa ya ƙidaya gawawwaki sama da 600 na mutanen Burmi, Attahiru yana cikinsu. Aka ƙone garin, bai sake tashi ba.

Ruwayar cikin ganuwa

H.A.S. Johnston, jami'in mulkin mallaka da ya yi aiki a Sakkwato, ya kawo cikakken bayanin sa'ar ƙarshe a littafinsa na tarihin daular, wanda aka buga a 1967. Ga taƙaitawarsa: Attahiru yana masallaci yana ibada sa'ad da faɗa ya tsananta. Da ya ji abokan gāba sun keta ganuwa, sai ya fito a ƙasa, ba doki, ba makami, da niyyar ya tari abin da Allah ya hukunta masa. Da ya kusa ganuwar kudu, harsashi ya same shi a goshi. 'Ya'yansa biyu suka faɗi a gefensa, tare da mabiya kimanin 90 da suka ƙi gudu.

Ko da yake Bature ne ya rubuta, bayanin na cikin gida ne. Sojan da ke bayan ganuwa ba shi da hanyar sanin wanda ke masallaci, balle abin da ke zuciyarsa. A gefen wannan ruwaya akwai wata da ake yawan ji a jawabai da rubuce-rubucen tunawa da shi, wadda ke cewa Sarkin Musulmi ya rasu yana yaƙi a tsakiyar mayaƙansa. Duka biyun daga ɓangaren masoyansa suka fito, kuma duka biyun suna ƙarewa da shahada. Saɓaninsu yana kan abu ɗaya: ko akwai makami a hannunsa, ko babu.

Inda shakka take da hurumi

Malaman hadisi, waɗanda malaman Sakkwato suka gaji iliminsu, ba sa karɓar labari dunƙule ko su yar da shi dunƙule. Sukan tambayi wanda ya ji daga wa, da ko mai ruwayar ya riski abin da yake ba da labari. In aka bi wannan hanya, ruwayar Burmi takan kasu kashi-kashi, kowane kashi da irin ƙarfinsa.

Kashi na farko shi ne wuri da rana da mutuwar kanta. A nan gida da soja sun haɗu, ba mai musu. Haka tarin gawawwakin da aka samu kewaye da shi. Abin da maƙiyi da masoyi suka yi ittifaƙi a kansa, alhali kowa yana da dalilin saɓa wa ɗan'uwansa, shi ne mafi ƙarfin abin da tarihi ke iya riƙewa.

Kashi na biyu shi ne raunin goshi. Wannan abu ne da ido ke gani a jikin gawa, kuma mutane da dama sun ga gawar. Sai dai mai nazari ya lura cewa goshi yana ɗauke da ma'ana a bakin mai ba da labari, domin wanda aka sama a goshi bai juya baya ba. Bayanin da ya yi daidai da abin da zuciya ke so yana bukatar a sake dubansa, ko da a ƙarshe zai tabbata.

Kashi na uku, wato rashin makami da niyyar zuciya, shi ne mafi rauni ta fuskar isnadi. Waɗanda suka fi kowa sanin abin da Attahiru ya faɗa da abin da ya riƙe a tafiyarsa daga masallaci zuwa ganuwa su ne waɗanda suka raka shi, su ne kuma ruwayar da kanta ta ce sun mutu tare da shi. Wanda ya rayu har ya ba da labari, ko dai yana nesa, ko ya bar wurin kafin ƙarshe, ko yaro ne da ya hango abin cikin hayaƙi da ƙura. Wannan matsala ce ta kowane harbi da aka yi a cikin taro: mafi kusancin ganau yakan tafi da shaidarsa kabari. Gawa 90 a wuri guda tana nuna cewa an yi ruwan harsashi a wurin, tana kuma nuna cewa mutane sun tsaya. Ba ta faɗin abin da ke hannun mutum ɗaya a tsakiyarsu. Yana yiwuwa ma ruwayoyin biyu su taru, a ce shugaba ya fito hannu sake a tsakiyar mutanen da ke riƙe da baka da mashi.

Akwai wani dalilin shakka kuma. Labarin shugaban da ya tari ajalinsa cikin natsuwa yana da tsohon zubi a tarihin Musulunci, tun daga Halifa Usmanu ɗan Affan da aka kashe a gidansa yana karatun Alƙur'ani. Turawa ma suna da nasu zubin. Johnston ya kwatanta fitowar Attahiru da mutuwar Janar Gordon a Khartum a watan Janairu na 1885, wanda Ingilishi suka daɗe suna zana shi tsaye a kan matakala yana duban masu mashi bai ɗaga hannu ba. To amma mutuwar Gordon ɗin ita ma ruwayoyinta sun saɓa, domin akwai wadda ta ce ya mutu yana harbi. Ke nan mai faɗa da mai rubutawa kowannensu ya zo da ƙwaryar da yake so labarin ya zauna a ciki.

Duk da haka, kamar da labari ya yi da tsohon zubi ba ta isa hujjar ƙaryata shi ba, kuma Sudan ɗin ce ta ba da misali. A watan Nuwamba na 1899, a Umm Diwaikarat, da Halifa Abdullahi magajin Mahadi ya ga yaƙi ya ɓaci, sai ya shimfiɗa buzunsa ya zauna tare da manyan amiransa, suka jira harsashi. Da 'yan gidansa kaɗai suka faɗi haka, da an ce ƙawa ce irin ta masoya. Sai ga shi Wingate, wanda ya jagoranci sojan da suka kashe su, ya ba da rahoton samunsu a kan buzayensu. Mutanen da suka tashi da labarin magabata sukan yi ƙoƙari su mutu irin mutuwar magabatan. Attahiru malami ne, jinin Shehu, ya san yadda ake so shugaba ya gamu da ajali. Abin da ruwayar ta ce ya yi ya dace da takardar da ya aika yana neman hanya, ya kuma dace da zaɓinsa na hijira tun daga Sakkwato. Hukuncin da ya dace da wannan kashi shi ne: abu ne mai yiwuwa ƙwarai, wanda isnadinsa bai kai na kashi na farko ba.

Takardar soja a kan sikeli

Rahoton hafsa yana da fifiko ɗaya a kan ruwayar gida, wato kusancin lokaci, domin an rubuta shi kafin mantuwa ta yi aikinta. Bayan wannan, shi ma ruwaya ce ta wanda yake da ruwa da tsaki a cikin al'amarin. Yaƙin Kano da Sakkwato ya jawo wa Lugga suka a Landan, saboda ya shirya shi ba tare da ya sanar da Ofishin Mulkin Mallaka a kan kari ba. Hafsan da ya kashe mutum ɗaruruwa a gari guda yana bukatar rahotonsa ya nuna cewa ba makawa sai an yi hakan. Shi ya sa takardun suka fi son kiran mutanen Burmi masu tsattsauran ra'ayi, suka rage nauyin maganar cewa yawancinsu iyalai ne masu neman wucewa.

Tun kafin Burmi akwai takardar da masana suka yi wa tambaya. Lugga ya kafa hujjar yaƙinsa da wata wasiƙa da ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa a 1902, mai cewa ba abin da ke tsakaninsu sai yaƙi. D.J.M. Muffett, wanda shi ma jami'in mulkin mallaka ne, ya bi diddigin wasiƙar a littafinsa na 1964, ya nuna cewa fassararta ta Turanci ce ke yawo, ba a fito da asalinta na Larabci ba, ya kuma yi shakkar ingancinta. Muffett ɗin ya zauna da tsofaffin da suka ga yaƙe-yaƙen 1903, ya rubuta abin da suka faɗa, ya gwama shi da fayilolin gwamnati.

Wani ɓangare na labarin Burmi da mai sauraro zai fi saurin ɗauka ƙari ne irin na masu jin haushi, shi ne ya tabbata. An yanke kan Attahiru, aka ɗauki hotonsa, aka riƙa nunawa a ƙasar Arewa domin a yanke ƙaunar masu sa ran yana raye. Wannan ba baƙon aiki ba ne a zamanin. Faransawa sun yi wa Rabe haka a Kusuri a 1900. Bayan yaƙin Umdurman a 1898, Kitchener ya sa an rushe hubbaren Mahadi, aka zubar da ƙasusuwansa a Nilu, aka ware ƙoƙon kansa. Da muni ne ma'aunin ƙarya, da mun yi watsi da gaskiya a nan. Hoton kuma yana gaya mana cewa su kansu Turawan sun san takardarsu ba za ta gamsar da jama'a ba, sai da suka nemi abin da ido zai gani.

Akwai shaida ta uku wadda ba ta magana, wato kayan da suka rage. Tutar Sarkin Musulmi da Turawa suka ɗauke a yaƙin 1903 ta zauna a hannun soja har 1960, shekarar da aka mayar da ita ga Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Kabarin Attahiru da na Manjo Marsh suna nan a kufan Burmi, kusa da Bajoga, a ƙaramar hukumar Funakaye ta jihar Gombe.

Labarin ya isa Nilu

Muhammadu Bello ɗan Attahiru yana cikin waɗanda suka tsira. Laƙabinsa na Mai Wurno irin laƙabin gidan Shehu ne, inda ake kiran mutum da garin da ya zauna ko ya kwanta dama, kamar Atiku Mai Katuru da Ahmadu Mai Cimmola. Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Bello ne, can kabarinsa yake, sai laƙabin ya bi mai sunansa. Bello ya ja ragowar jama'a suka ci gaba da tafiya gabas, a kan tsohuwar hanyar alhazai, suka iso Shuɗin Nilu a wajen 1906. Suka sauka a ƙauyen Shaihu Ɗalha, wanda wani malami Bafillace ya kafa tun ƙarni na 19, daga baya suka ƙetare kogi suka kafa garinsu. Wani abin mamaki shi ne Ingilishin da suka guda a Burmi su suka tarar suna mulkin Sudan, kuma gwamnatin ta amince da Bello a matsayin Sultan, ta ba shi ƙasa, domin tana bukatar manoma. Alfa Hashim shi ya wuce har Madina ya zauna.

Ci gaban tafiyar shaida ce a kan mutuwar kanta. Gidan da ɗa ya karɓi jagoranci, ya kafa gari, ya bar wa zuriyarsa sarauta, gida ne da ya yarda uba ya rasu. Zuriyar suna kallon tafiyar Bello a matsayin cikar niyyar mahaifinsa, kuma takardar da Attahiru ya aika wa Turawa tana goyon bayansu a kan haka.

Shakka takan dawo idan aka zo kan adadi da nasaba. Ana yawan maimaita cewa mutum 25,000 ne suka bi Mai Wurno. Ba a yi ƙidaya a kan hanya ba, tafiyar ta ɗauki shekaru, wasu sun mutu, wasu sun zauna a garuruwan da aka ratsa, wasu sun shigo daga baya. Adadi irin wannan yana nuna girman abin a idon waɗanda suka gan shi, amma ba a gina lissafi a kansa. Haka kuma yawancin Hausawan Jazira, har da na kewayen Rufa'a da Wad Madani, ba ta Burmi kakanninsu suka biyo ba. Alhazai ne masu tafiya a ƙasa, suna tsayawa su yi aiki su tara guzuri, kuma yawansu ya ƙaru bayan an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira. C. Bawa Yamba, wanda ya yi bincike a ƙauyukansu, ya nuna a littafinsa na 1995 cewa jikoki da tattaɓa-kunnen da aka haifa a Sudan suna kiran kansu alhazai da ke kan hanyar Makka. Mark Duffield ya rubuta littafi a kan Mai Wurno a 1981, shi kuma Farfesa Al-Amin Abu-Manga ya yi nazarin yadda Hausa da Fulatanci suka cuɗanya da Larabci a Sudan.

Dalilin da zai sa gida ya so jingina kansa da Burmi ba ɓoyayye ba ne. Akwai darajar hijira da shahada. Akwai kuma maganar jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa. Dokar 1948 da ta 1957 sun shar'anta cewa ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba, 1897. Daga baya aka sassauta zuwa 1924, sannan 1956. A ƙarƙashin irin wannan doka, shekarar da kaka ya iso takan yanke hukuncin makomar jika. Maganar asali ba ta kwanta ba har yau. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu bayan Hausawa sun nemi a ba su masarauta a tsarin sarautun gargajiya, abokan zamansu suka ce sarauta ta masu ƙasa ce. Fiye da mutum 100 suka mutu a wannan wata, rikicin ya sake tashi a Oktoba a Wad al-Mahi. Mai bincike da ya shiga irin wannan gida yana tambayar "yaushe kakanku ya zo?" ya sani cewa tambayarsa tana da nauyin da ya wuce na tarihi. Samun amfani a cikin labari dalili ne na a bincika shi da kyau. In da amfani kaɗai ya isa a soke ruwaya, da rahoton hafsa ne farkon abin sokewa.

Abin da harshe ya tanada

Hausa tana da kayan aikin rarrabe waɗannan matakai, kuma ɗalibi zai amfana in ya lura da su a bakin mai ba da labari. Ganau shi ne wanda ya gani, jiyau wanda ya ji, shi ya sa ake cewa gani ya kori ji. "In ji wane" yana ɗora nauyin magana a kan mutum sananne, wanda za a iya komawa gare shi. "An ce" yana ɗora ta a kan jama'a, ba a san mafarinta ba. "Wai" kuwa yana janye mai magana daga abin da yake faɗa, wani lokaci har da ƙanshin rashin yarda. Tsohon da ya ce "babana ya ce ya ga tutar", sannan ya ce "wai Sarki bai riƙe komai ba", ya riga ya yi wa mai sauraro rabin aikin tantancewa. Kuskuren da masu rubuta hira ke yi shi ne su share waɗannan ƙananan kalmomi domin jimla ta yi santsi, sai jita-jita ta koma shaida a kan takarda.

Aikatau ɗin harbi shi ma yana da abin lura. "Ya harbi mutum" yana nufin ya sake masa kibiya ko harsashi, mutumin yana iya rayuwa. "Ya harbe mutum" yana nufin ya gama da shi. Idan wakilin suna ya biyo baya, duka biyun a rubuce sukan zama "ya harbe shi", karin sauti ne kaɗai ke raba su a baki. Wanda ya rubuta hira bai kula da karin sautin ba yana iya kashe wanda aka yi wa rauni kawai. Kalmar kuma ba ta bambanta baka da bindiga, don haka harbi ne ya kashe Marsh, harbi ne ya kashe Attahiru. Sai lamirin "aka", wanda ke ɓoye mai aikatawa. "Aka harbe shi" ta dace da yaƙin da ɗaruruwan bindigogi ke tashi lokaci guda, tana kuma rufe wani abu mai ɗaci, domin hafsoshi ne Turawa, amma sojan da ke riƙe da bindigogin 'yan Afirka ne, da yawansu Hausawa da Yarabawa.

Zaɓin kalma hukunci ne. Wanda ya ce Attahiru "ya gudu" da wanda ya ce "ya yi hijira" tafiya ɗaya suke nufi. Haka "an kashe shi" da "ya yi shahada". Ɗalibi ya rubuta kalmar da mai ruwaya ya furta, ya kuma san cewa kalmar tana nuna inda mai ruwayar ya tsaya.

Kammalawa

Wannan aiki bai tsaya ga 1903 ba. A ƙarshen Oktoba na 2024 dakarun RSF suka auka wa garuruwan gabashin Jazira, har da Rufa'a da Tambul, a lokacin da hanyoyin sadarwa suka yanke. Yawancin abin da duniya ta ji game da wanda aka harba a ƙofar gidansa ta bakin iyalan da suka tsere ya fito. Wata rana masu tarihi za su zauna da waɗannan iyalai, su gwama maganarsu da sanarwar masu bindiga, kuma tambayoyin da aka yi wa ruwayar Burmi su ne za a yi musu: wa ya gani, daga ina ya hango, yaushe ya fara faɗa, me abokin gāba ya yarda da shi.

Game da Burmi, ga yadda ɗalibi zai iya rubutawa. An kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ranar 27 ga Yuli, 1903, a cikin jama'arsa, bayan ya nemi a bar masa hanya an ƙi. Wannan jimla ba ta bukatar "wai". Harsashi ya same shi a goshi kusa da ganuwar kudu, in ji ruwayar da Johnston ya kawo. Ya fito daga masallaci ba makami domin ya tari ƙaddararsa, kamar yadda mutanen cikin ganuwa suka ruwaito, wasu kuma suka ce yana yaƙi ya faɗi. Ɗansa Bello ya kai ragowar jama'a Shuɗin Nilu, garin da ya kafa yana nan da sunansa.